Kafin Ka Biya Kuɗin Kwamfuta: Yadda Ake Auna HP, Dell, Lenovo Da Sauransu

Tambayar da masu saye suka fi yi a shagunan kwamfuta na Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena ita ce, "Wacce ta fi ƙarko, HP ko Dell?" Duk wanda ya amsa maka da suna ɗaya bai gama gaya maka gaskiya ba. Kowane ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan yana da kaya na ƙwarai da yake sayar wa bankuna da ma'aikatu, yana kuma da na araha da ake yi don cika kantuna, kuma tambari ɗaya ne a kan murfinsu. Bugu da ƙari, yawancin kwamfutocin cinya ba masu tambarin ne ke haɗa su da hannunsu ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta, Compal da Wistron ne ke haɗa wa da yawa daga cikinsu, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta fito daga Intel ko AMD, gilashin fuska kuma daga BOE, AUO ko LG. Saboda haka abin da za ka gwada shi ne layin da kwamfutar ta fito, cikakkiyar lambarta, da abin da za ta ci maka a shekarun da za ka yi da ita a wannan zafi da ƙura namu.

Fara da layin, kafin sunan kamfani

A wajen Lenovo, wanda ya sayi sashen kwamfuta na IBM a 2005, layin ma'aikatu shi ne ThinkPad, musamman jerin T da X, na gida kuma IdeaPad. A wajen Dell, Latitude ne na aiki, Inspiron na gida. A farkon 2025 Dell ya sauya sunaye zuwa Dell, Dell Pro da Dell Pro Max, amma kayan hannu da ke shigo mana har yanzu tsoffin sunayen ne a jikinsu. HP yana da EliteBook a sama, ProBook a tsakiya, sai Pavilion da HP 15 da HP 250 a ƙasa. Acer yana da TravelMate da Aspire, Asus yana da ExpertBook da VivoBook. Toshiba kuwa ya sayar wa Sharp sashen kwamfutocinsa a 2018, sunan ya koma Dynabook, don haka duk wadda ka gani da tambarin Toshiba ta kwana biyu.

Bambancin ba na ado ba ne. Ɗauki kwamfutar araha ta gida ka buɗe murfin a hankali, idonka a kan kusurwar da murfi ya haɗu da jiki. A nan akwai ƙarfen maɗauri da aka ɗaure da ƙananan kusoshi, kusoshin kuma suna shiga wasu 'yan zoben tagulla da aka dasa a cikin roba. Idan ƙura ta shiga maɗaurin ya yi tauri, duk buɗewa robar ce ke ɗaukar nauyin. Za ka fara ganin bakin kusurwar yana ɗagawa kamar faɗin farce, sai ƙara "ƙas", daga nan wayar da ke kai hoto fuska ta fara tsinkewa. A layin ma'aikatu, maɗaurin ya fi samun ƙarfe ko magniziyom da zai riƙe shi, murfin ƙasa yana cirewa da kusoshi kaɗan, kuma kamfanin yana fitar da littafin gyara kyauta a intanet. Wannan ne dalilin da ya sa ThinkPad T480, Latitude 5490 ko EliteBook 840 G5 na hannu, dukansu na 2018, sukan fi sabuwar kwamfutar araha amfani ga ɗalibi ko ɗan kasuwa. Dukansu ukun suna da gurbi biyu na RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi tana kunne, ana canza musu SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da batir ba tare da wahala ba, kuma an shigo da su da yawa har kayan gyaransu ba sa wuyar samu.

Lambar furosesa ita ce shekarun haihuwa

Mai sayen rago ba ya tambayar shekarunsa, bakinsa yake buɗewa ya duba haƙori. Haƙorin kwamfuta shi ne lambar da ke biye da i3, i5 ko i7. A nan ne aka fi cutar mutane, domin an saba jin cewa i7 ya fi i5, sai mai shago ya tsaya a "Core i7 ce" ya ɗora farashi.

Ga yadda ake karantawa. A i5-8250U, lamba 8 ta farko tana nufin zubi na 8. A i7-4600U, zubi na 4 ne, wanda ya fito a 2013. Wannan i7 ɗin ƙwayoyin aiki biyu gare shi, haka ma i7-6600U na 2015 da i7-7500U na 2016. Shi kuwa i5-8250U na 2017 huɗu gare shi, ya fi su duka ukun ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U zubi na 10, i5-1135G7 zubi na 11, i5-1235U zubi na 12. Idan ka ga lambobi uku kacal bayan i3, i5 ko i7, kamar i5-520M, zubin farko ne na 2010, ka wuce abinka. Harafin ƙarshe ma yana magana: U mai tsimin wuta ne, ya dace da ofis da karatu, H kuma mai ƙarfi ne da cin batir da fitar da zafi, na masu zanen gini da haɗa bidiyo.

AMD yana da nasa tarkon. A jerin Ryzen 7000 na kwamfutocin cinya da suka fito a 2023, lamba ta uku ce ke nuna ainihin ginin. Ryzen 5 7520U tsohon gini ne na Zen 2, 7530U na Zen 3, 7540U na Zen 4. Sunayen sun yi kama, aikin ba ɗaya ba.

Akwai kuma iyaka da ta zama dole a sani yanzu. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman Intel daga zubi na 8 zuwa sama da abin tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren AMD, jerin Ryzen 3000 zuwa sama ba ka da damuwa. Ana iya tura Windows 11 da dabara cikin tsohuwar kwamfuta, don haka ganinsa a fuska ba shaidar ƙuruciya ba ne. Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: wanda zai sayi kwamfutar da yake son ta kai shi shekara uku ko huɗu, kada ya sauka ƙasa da zubi na 8.

Sai waɗanda suke zuwa sababbi fil a kwali, sirara, masu sheƙi, da farashi mai jan rai, a ciki Celeron N4020 da RAM 4GB da ma'ajiya 64GB irin ta eMMC. Araha ba ta ado. RAM ɗin galibi a like yake da allon ciki, ma'ajiyar ma haka, Windows kaɗai da sabuntawarsa za su cinye kusan rabi. Tun 2023 Intel ya daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin na cinya, sai ka ga N100 ko N200 kawai. Sun fi na da, amma har yanzu ajin ƙasa ne. Ka kuma lura da Chromebook, wato kwamfutar da aka yi don tsarin Google, da aka cusa wa Windows da ƙarfi: sau da yawa sauti ko wasu madannai ba sa aiki, ma'ajiyar kuma 16GB ce ko 32GB.

Kalmomin talla da abin da ke bayansu

Babbar kalmar talla ita ce "har zuwa", wadda za ka gani a takardun Faransanci da "jusqu'à". Batir har zuwa awa 12, gudu har zuwa 3.4GHz. Gudun i5-8250U na asali 1.6GHz ne, yana hawa 3.4 na ɗan lokaci idan akwai sanyi, zafi na tashi ya sauko. Awannin batir kuma ana auna su ne da hasken fuska a rage, sau da yawa da bidiyon da ke ajiye a cikin na'urar, a ɗaki mai sanyi. Kai lambar da za ka nema ita ce Wh, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka. Aikin rubutu da intanet a kan furosesa mai U yana cin wat 8 zuwa 10. Batir mai Wh 50 zai ba ka awa biyar zuwa shida yana sabo, mai Wh 41 ko 42 kuma awa huɗu zuwa biyar. Raba Wh da 10 ka samu ƙiyasin da ba zai ba ka kunya ba, ko me aka rubuta a kwali.

"HD" kaɗai a bayanin fuska yana nufin ɗigo 1366 sau 768, wanda ya yi ƙanƙanta ga mai aiki da Excel. Wanda kake so shi ne 1920 sau 1080, da ake rubutawa Full HD ko FHD. Ka kuma karkatar da murfin gaba da baya: idan kala ta wanke ko ta yi duhu, gilashin TN ne mai araha, idan ta tsaya yadda take IPS ne. Mai aiki a rumfa ko bakin shago inda rana ke haskawa ya nemi haske mai nit (ma'aunin hasken fuska) 300 zuwa sama, domin na 220 da 250 sai an shiga inuwa.

Wajen 2018 an sayar da kwamfutoci da aka rubuta musu "memori 20GB" ko "24GB", alhali RAM 4GB ne ko 8GB aka tara da 16GB na Intel Optane, wanda ba RAM ba ne, mataimakin faifan ajiya ne. Irin waɗannan suna cikin kayan hannu da ke yawo yanzu. Haka kuma idan aka ce maka "katin hoto 4GB ko 8GB" a kan kwamfutar da ba ta da NVIDIA ko AMD Radeon na daban, daga RAM ɗinka ake ara. Rubutun MIL-STD-810 da ake kira gwajin soja kuwa, kamfani ne ke zaɓen gwaje-gwajen da zai yi daga cikin jerin, kuma ba alkawari ba ne cewa za a canza maka idan ta faɗi.

Abu ɗaya da mutane ke ɗauka zamba ce alhali ba ita ba ce: SSD mai 256GB yana nuna 238GB a Windows, 512GB yana nuna 476GB, 1TB kuma 931GB. Bambancin hanyar ƙirga ne kawai, kada ka yi faɗa da mai shago a kan wannan.

To wane kamfani ne ya fi gaskiya a talla? Tarihin kotuna ya nuna babu mai farin riga tas. A 2023 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci Dell tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda nuna tsohon farashi da aka soke a kan fuskokin kwamfuta don a ga kamar an yi rangwame mai yawa, alhali ba a saba sayar da su a wannan farashin ba. Lenovo ya sa wata manhajar talla mai suna Superfish a cikin kwamfutocin gida, abin ya fasu a 2015, a 2017 ya sasanta da hukumomin Amurka ya biya dala miliyan 3.5. NVIDIA ya sayar da katin GTX 970 a matsayin 4GB, aka gano rabin giga na ƙarshe a hankali yake aiki, a 2016 ya yarda ya biya kowane mai saye a Amurka dala 30. AMD ya biya dala miliyan 12.1 a 2019 a kan yadda ya ƙirga ƙwayoyin aikin furosesar FX. Apple ya biya dala miliyan 50 a 2022 saboda madannan MacBook na 2015 zuwa 2019, waɗanda 'yar ƙura kaɗan ke sa su maƙale. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye: mai zaune a inda hazon hunturu ke sauka wata uku ya guji MacBook na waɗannan shekarun, komai kyansa da araharsa.

Wani ma'auni mai amfani ga kayan da suka fito daga Faransa: tun 1 ga Janairu 2021 doka ta tilasta a sa wa kwamfutocin cinya maki na sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10. Kamfani ne ke lissafa wa kansa bisa ƙa'idar gwamnati, don haka ba hukuncin ƙarshe ba ne, amma idan ɗaya tana da 8 ɗaya tana da 5, akwai dalili.

Game da Apple a taƙaice: waɗanda ke da furosesar Apple ta M1, daga Nuwamba 2020 zuwa sama, batirinsu yana daɗewa da gaske, kuma MacBook Air ba shi da fanka da zai zuƙi ƙura. Amma RAM da ma'ajiya a like suke, ba a ƙarawa, gilashi idan ya fashe kuɗinsa ya kusa na wata kwamfutar, kuma manhajojin lissafin kuɗi da yawa na ofisoshinmu na Windows ne. Ka tambayi inda za ka yi aiki tukuna.

Lissafin farashi na gaskiya

Kayanmu suna zuwa ta hanyoyi uku: daga Turai ta tashar Duwala su hau zuwa Ngaundere su wuce Garwa, Marwa, Kusseri da Njamena, daga Dubai, ko daga Najeriya ta Legas da Kano da Yola da Mubi. Kowace hanya da abin lura. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, don haka idan ka ga irin kwamfutar a shafin masu sayar da kayan hannu na Faransa a kan yuro 300, ka san tushenta sefa 196,800 ne kafin sufuri da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya ce zai ba ka ita a kan rabin haka, akwai abin da ya rage a ciki. Naira kuwa tana hawa tana sauka, don haka farashin Kano na watan jiya ba hujja ba ne yau. Idan babban shago ne mai ba da takardar hukuma, ka tambaya ko harajin TVA yana ciki, wanda a Kamaru kashi 19.25 ne, domin wani farashin da ya yi kama da araha ba a haɗa shi ba ne.

Kada ka gwada kuɗin da aka faɗa da kuɗin da aka faɗa. Gwada kuɗin da kowacce za ta kai kafin ta zama abin aiki. A ɗauki misali, lambobin na kwatance ne, kai ka sa na kasuwarku a ranar. Ta farko sefa 120,000: i7 zubi na 6, RAM 4GB, faifai mai juyawa, batir ya mutu. Sai ka sa SSD a ce 20,000, ƙarin RAM 12,000, batir 25,000. Ta kai 177,000, kuma har yanzu ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya yarda da su. Ta biyu 175,000: i5 zubi na 8, RAM 8GB, SSD 256GB, batir mai kashi 80 na ƙarfinsa. Idan ta farko ta yi maka shekara biyu ta biyu ta yi huɗu, ɗaya ta ci 88,500 a shekara, ɗaya 43,750. Mai tsadar ita ce mai arahar.

Mafi ƙarancin abin da ya kamata a yau shi ne RAM 8GB da SSD 256GB. Faifai mai juyawa, HDD, yana da allura da ke shawagi a kan faranti, kuma kwamfutar da ke yawo a jaka bayan babur a kan hanya mai gargada ba ta daɗe masa. Ka kuma tambayi nau'in RAM kafin ka yi shirin ƙarawa: zubi na 4 da na 5 DDR3L suke ɗauka, na 8 galibi DDR4, ba sa shiga gurbin juna. Sirara irin ThinkPad X1 Carbon RAM ɗinsu a like yake, abin da ka saya shi ke nan.

Kafin ka biya, ka leƙa wajen mai gyara biyu a garinku ka faɗa musu cikakkiyar lambar: akwai batirinta? akwai gilashinta da madannanta? kwana nawa kafin a kawo? Amsarsu ta fi duk wani talla. A nan ne kwamfutocin da ba a san sunan kamfaninsu ba ke faɗuwa, domin ranar da caja ko gilashi ya lalace, babu inda za a samo.

Minti talatin a shago

Ba a cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta WhatsApp ko aka sa a Facebook ba ya isa a tura kuɗi. Je da kanka, ko ka aika wanda ya sani, ka ce cikin ladabi, "Alhaji, don Allah a ba ni wuri in kunna ta in duba." Ɗan kasuwa mai gaskiya zai ce, "Bismillah Malam, ga kujera." Wanda ya fara ƙorafin lokaci ya riga ya ba ka amsa.

Fara da BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, domin rubutun da Windows ke nunawa game da furosesa ana iya canza shi da hannu, na BIOS kuwa ya fi wuyar taɓawa. Kashe ta gaba ɗaya, ka kunna kana danna F2 a Dell, Acer da Asus, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Duba furosesa, yawan RAM, da lambar siriyal, ka gwada ta da wadda ke rubuce a ƙasan kwamfutar. Idan sun saɓa, an canza allon ciki ko murfi. Idan BIOS ya nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, kada ka saya, domin a ThinkPad da sababbin EliteBook cire ta babban aiki ne, wani lokaci sai an taɓa allon ciki. Ka kuma nemi inda aka rubuta Computrace ko Absolute: idan a kunne yake, tsohon mai ita zai iya kulle ta daga nesa. A MacBook, a tabbatar an fita daga iCloud na tsohon mai shi a gabanka.

Da lambar siriyal ɗin, shiga shafin tallafi na kamfanin ta wayarka. Ta Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi 7 ne. Shafin zai nuna lokacin da garanti ya fara da kayan da ta fito da su daga masana'anta. Kwamfutar da aka ce sabuwa ce amma garantinta ya fara shekara uku baya, an sake mata kwali ne kawai. Darajar "Grade A" ko "Grade B" da ake sa wa kayan da aka sabunta ba ta da ma'auni ɗaya a duniya, kowane dila da nasa.

Shiga Windows ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka buɗe shafin Performance, ko Performances idan na Faransanci ne. A nan za ka ga furosesa, RAM da guraben da aka cika, da ko SSD ne ko HDD. Sai ka buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto, ka buɗe ka nemi layi biyu: Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na farko 50,000 ne na biyu 41,000, batirin yana da kashi 82, ya yi. Ƙasa da kashi 60, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. ThinkPad T480 batir biyu yake ɗauka, na ciki da na waje, ka tabbatar na cikin yana nan. Shafa hannu a kan wurin linzami: idan ya kumbura ko ba ya dannuwa, batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura, kuma wannan haɗarin gobara ne.

Ka zo da filas ɗinka mai ɗauke da CrystalDiskInfo da HWiNFO, dukansu kyauta ne. Na farko yana nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi a kunne. Sabuwar kwamfuta ba za ta nuna dubban awanni ba. Na biyu yana nuna zafi. Buɗe bidiyo da shafuka da yawa ka bar ta minti goma sha biyar. Idan furosesa ta tsaya tsakanin digiri 95 da 100, fanka na ihu amma iska ba ta fita sosai, ƙura ta toshe hanya ko man sanyaya furosesa ya bushe. Abin gyaruwa ne da kuɗi kaɗan, amma a kan mai shago ya kamata ya hau.

Rubuta slmgr /xpr a cmd don ganin lasisin Windows. Idan ya nuna ranar ƙarewa, an kunna shi ne ta hanyar da ke mutuwa bayan kwana 180. Kwamfutocin manyan kamfanoni tun zamanin Windows 8 lasisinsu a cikin BIOS yake, don haka babu dalilin biyan kuɗinsa daban.

Sauran gwajin na hannu ne: kowane madanni, kowace kafar USB, kyamara, lasifika, Wi-Fi, da farin shafi da baƙi don ganin tabo a gilashi. Dubi tsarin madannai da kyau. Na Faransa AZERTY ne, na Najeriya da Ingila da Amurka QWERTY, na Jamus QWERTZ, na Dubai sau da yawa da haruffan Larabci, abin da zai yi wa mai aiki a Njamena amfani. Wasu dilolin suna manna takarda a kan madannai don su mai da su AZERTY, wadda ke ɓarewa da gumi cikin 'yan watanni. Tsarin Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da ke cikin Windows a kan QWERTY aka gina shi.

Caja, wuta da zafi

Caja ita ce abin da aka fi musanyawa da jabu. Ta asali tana da nauyi a hannu, rubutunta a fili yake, an sa 100 zuwa 240V a shiga, a fita kuma 19.5V ga Dell da HP, 20V ga Lenovo. Cajar Dell tana da siririyar allura a tsakiyar baki da ke gaya wa kwamfuta ƙarfinta. Idan jabu ce ko allurar ta karye, kwamfutar za ta kunna amma batir ba zai cika ba, furosesa kuma ta rage gudu, mutum ya yi ta zargin kwamfutar. A BIOS na Dell akwai wurin da ke nuna cajar, 65W ko 90W. Idan ya ce ba a gane ta ba, a canza ta nan take.

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana rabon wuta. Njamena ma ta san wannan hali. Saboda haka girman batir ya fi siraran jiki daraja a wajenmu, kuma kwamfutar tebur ba ta da amfani sai da na'urar riƙe wuta. Lokacin da wuta ta dawo ko aka tayar da janareta shi ne lokacin da caja ke ƙonewa: cire ta daga bango idan an ɗauke, ka jira 'yan mintoci bayan an kawo. Mai sola ya duba wadda ke caji ta USB-C da furosesa mai U, ba za ta wahalar da batirinsa ba.

Yawancin kamfanoni, har da Apple da Dell, sun rubuta cewa kwamfutocinsu na cinya an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A Garwa da Marwa da Njamena, Maris da Afrilu suna wuce 40. Don haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta kaɗan iska ta shiga, a kai ta a buɗe a share fanka bayan kowane hunturu, a sake man sanyaya duk shekara biyu. Batirin da ke zaune a kashi 100 cikin zafi shi ke saurin kumbura. Lenovo Vantage, MyASUS, da BIOS na Dell da na HP na ma'aikatu suna ba da damar tsayar da caji a kashi 80. Mai shago ko ofis da wutarsa ke tsayawa ya kunna wannan, wanda kuma ke rayuwa da rabon wuta ya bar ta ta cika, amma ya cire caja da zarar ta cika.

Takarda

Garantin kamfani na kayan gida galibi a ƙasar da aka fara sayarwa yake aiki, na kayan hannu kuma ya riga ya ƙare. Wanda zai yi maka amfani shi ne na mai shago, kuma sai an rubuta. Kamaru tana da dokar kare masu saye, mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011, amma ba za ka iya kai ƙara ko'ina ba sai da shaida a hannu. A sa a rasit: sunan shago da hatiminsa, kwanan wata, cikakkiyar lambar kwamfuta, misali Latitude 5490 ba "Dell i5" kawai ba, lambar siriyal, furosesa, RAM, girman SSD, kashin lafiyar batir da kuka gani tare, da tsawon garanti. A fayyace ko batir da caja suna ciki, da abin da za a yi idan ta lalace: gyara, canji, ko mai da kuɗi. Idan an ba ka wata ɗaya ne, ka yi amfani da makon farko ka matsa mata aiki kullum, kan caja da kan batir, domin laifin allon ciki da na RAM yakan bayyana ne bayan ta yi zafi na awanni, kuma gara ya fito tun kwanakin garanti ba su ƙare ba.